Daga Tsumburbura Zuwa Sumbuka: Iskokin da Birnin Kano Ya Sani

Masana tarihin Kano suna danganta sunan unguwar Zaitawa da Malam Abdurrahman Zaite, shugaban Wangarawan da suka zo daga Mali. Littafin Tarihin Kano, wanda Baturen mulki H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya ce sun iso zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), su kusan 40. An naɗa Zaite alƙali, Gurdamus ya zama liman, Lawal ladan, Mandawari kuma limamin Wangarawa. Sai dai garin da suka tarar yana da nasa abin tsoro tun kafin zuwansu, kuma abin yana da suna: Tsumburbura.

Mazauninta wata itaciya ce da ake kira Shamus, an kewaye ta da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, wanda ya fito daga zuriyar Dala. Sau biyu a shekara yake saukowa daga kan dutsen Dala, jama'a su taru da baƙin bunsuru da baƙin kare da baƙar kaza, ya shiga da dare, ya fito ya faɗa musu abin da zai auku a shekara. Akwai kuma kurmin Jakara, mai baƙin ruwa, wanda aka ce in masifa za ta sauka sai ya yi ƙara, hayaƙi ya tashi. A gefen wannan ruwa ne daga baya Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi.

Sarki Tsamiya (1307 zuwa 1343) ya rushe katangar. Wangarawa suka zo aka gina masallaci a gindin itaciyar. Masu tsohon addini suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da shi, har, in ji littafin, aka yi addu'a suka makance.

Wanda ya ɗauka a nan labari ya ƙare bai san Kano ba. Kanajeji, ɗan Yajin nan da ya karɓi Wangarawa, da yaƙin Zazzau ya gagare shi sai ya koma wurin Sarkin Tsibiri, na masu tsohon addini, neman mafita. Aka sa shi ya sare reshen itaciyar, ya tarar da jan maciji a ciki, ya kashe, aka yi masa huffi da fatar, aka sassaƙa ganguna da reshen. Can gaba kuma sai ga Dirki, wani abu naɗe cikin fatu da ake yi wa yankan shanu. Muhammadu Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, ya ƙi ba da shanu, ya sa samari suka fasa shi da gatura. Alƙur'ani aka samu a ciki. Mutane suka ce masa yadda ya fitar da shi haka za a fitar da shi daga garin, kuma a 1807 masu jihadi suka gama da shi. Wannan labari ya fi kowanne nuna halin Kano: Musulunci da tsafi sun daɗe a ƙunshi guda kafin a raba su.

Tsofaffin iskoki ba su ɓace ba, matsayi aka rage musu. Suka koma aljanu, farare da baƙaƙe, suka sami birni a bakin 'yan bori, wato Jangare. Fremont Besmer, wanda ya zauna da masu garaya da 'yan bori a Kano ya fitar da littafi a 1983, ya lissafa gidaje 12 a birnin, Sarkin Aljan Sulemanu ne a kansu. Duk wanda ya san fada zai gane tsarin. Ga Ɗan Galadima, ɗan sarauta mai caca da ɓarnar dukiya. Ga Malam Alhaji da tasbaha da tarin tsufa. Ga Kuturu da dungulmin hannu, Sarkin Rafi mahaukaci mai tsalle ya faɗo da ɗuwawu, Danko maciji, Kure, Barhaza Bafilatana, da Duna, baƙin aljani mai zafin kai. Har Turawa sun sami gida bayan zuwan mulkin mallaka, da sigarinsu da faretinsu, dangin Babule da suka ɓulla a Nijar wajen 1925.

Wadda aka fi shakka ita ce Inna, ko Doguwa, mai zama a tsamiya da kuka. Ita ake ɗora wa alhakin shanyewar ƙafar yaro, kuma har ma'aikatan rigakafi da ke bin gida-gida shan inna suke cewa. Dodo kuwa ya sauka ƙasa sosai, ya zama na tatsuniya da tsoratar da yaro mai ƙin barci, abokin karawar Gizo. Maye ya fi shi haɗari, don shi mutum ne, maƙwabci ne, kuma zargin kama kurwa ya raba mutane da dama da gidajensu ba tare da hujja ba.

Daga littattafan malamai wasu sunayen suka shigo: Iblis, Ifritu, Dujal, Yajuju da Majuju. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubutu mai zafi a kan yanka ga itatuwa da duwatsu, amma bai musanta samuwar aljanu ba, tunda Alƙur'ani ya tabbatar da su.

Wannan ƙofa ce ta bar wa sababbin sunaye hanya. A tsakiyar shekarun 1990 ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandaren Kano suka riƙa faɗuwa suna wata irin rawa, aka ce wata aljana ce, Sumbuka. Iyaye ba su kira mai garaya ba, malaman ruƙiyya suka kira, kuma daga lokacin sana'ar ta bunƙasa, kasakasai suka cika kasuwa. Bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000 wasan bori a fili ya ja baya ƙwarai a cikin birni, ya koma bayan gari da cikin gidaje.