Ƙanƙarar Da Ke Cikin Hadari: Tarihin Yadda Aka Gano Sirrin Ruwan Sama

Mai karatu, duk manomin da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, har zuwa tsohon garin Gozaki na ƙaramar hukumar Ƙafur, ya san abu biyu da hadarin gabas kan zo da su: ruwan da ke raya auduga da masara, da kuma ƙanƙarar da kan kekketa ganye cikin ɗan lokaci ta bar mai gona riƙe da haɓa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, su biyun uwarsu ɗaya. Yawancin ruwan da manyan hadura ke zubo mana a matsayin ƙanƙara yake farawa can sama, sai a hanyar saukowa ya narke.

An daɗe kafin a gane haka. A 1911 wani Bajamushe, Alfred Wegener, ya lura cewa ɗigon ruwa a cikin gajimare na iya wuce sanyin daskarewa bai daskare ba. Yanzu an san tsaftataccen ɗigo kan jure har kusan digiri 38 ƙasa da sifiri. A 1933 Tor Bergeron ɗan ƙasar Suwidin ya bayyana cewa da zarar ƙwayar ƙanƙara ɗaya ta samu a tsakanin irin waɗannan ɗigogi, sai ta riƙa zuƙe tururinsu tana girma har ta yi nauyin faɗowa, sannan Walter Findeisen ya ƙarasa bayanin a 1938. Idan kuwa iskar da ke hawa sama ta yi ƙarfi, sai ta riƙe ƙwayar tana tara ruwa, ɓawo kan ɓawo kamar albasa, har ta zama ƙanƙarar da narkewa ba ta cinye ta kafin ta iso gona.

To amma me ke haifar da ƙwayar farko? Ashe ruwa na bukatar wani ɗan abu da zai daskare a kansa, kuma babban abin shi ne ƙura. A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu, domin hazon da ke fasa mana leɓe da hunturu, akasarinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, busasshen gindin tsohon babban tafki, kuma Sahara ce ta fi ko'ina a duniya tura ƙura sama.

Ƙurar nan matafiyiya ce. A shekarun 1990 masana biyu a Amurka, Reginald Newell da Yong Zhu, suka laƙaba wa wasu dogayen zirin tururi da ke ratsa saman teku sunan kogunan sama, waɗanda ke kai ruwa mai yawa jihar Kalifoniya. A 2013 aka wallafa binciken da ya nuna ƙurar Sahara da ta Asiya na tsallaka teku ta shiga gajimaren can, ta taimaka wajen haɗa ƙanƙara a saman duwatsunsu. A ɗaya ɓangaren, tekun kudu mai tsananin sanyi da ke kewaye da Antatika, inda ƙura ta yi ƙaranci, gajimarensa kan zauna da ruwan da ya ƙi daskarewa, har aka tura jirgin bincike daga Hobat ta Ostireliya a 2018 domin a auna shi.

Da ɗan Adam ya gane sirrin, sai ya yi kwaɗayin sa hannu. A 1946 Vincent Schaefer ya watsa daskararriyar iskar kabon daga jirgin sama cikin gajimare a Amurka, dusar ƙanƙara ta zubo, abokin aikinsa Bernard Vonnegut kuma ya gano hoda ta sinadarin azurfa da aidin na yin aikin ƙura. Mu da kakanninmu suka ga yunwar Kakalaba ta 1914, iyayenmu suka ga farin 1973 da na 1984, dole wannan labari ya ja hankalinmu. Maƙwabta ma sun gwada: Burkina Faso ta fara shirinta na Saaga a 1998, Mali ta bi da Sanji a 2006.

Sai dai fa jirgi ba ya ƙirƙirar hadari. Idan damshin da iskar kudu ke kwasowa daga Tekun Atlantika bai iso ba, ko buhu nawa aka watsa a banza ne, kuma har yau auna ainihin ƙarin ruwan da dabarar ke kawowa na ba masana wahala. Don haka duk wanda ya zo wa manomin Gozaki da alkawarin saukar da ruwa a shekarar fari, a tambaye shi inda zai samo gajimaren. Irin da ke nuna da wuri da sauraron hasashen damina sun fi kusa da hannun talaka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare amfanin gona daga ƙanƙara. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.