Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Tantance Kaifi Da Kaurin Sauti

Kunnen ɗan Adam na jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa guda. Tantancewa na farawa ne a can cikin kunne, a wata gaɓa mai siffar dodon koɗi: sauti mai kaifi na motsa gindinta, mai kauri kuma ƙarshenta. Daga nan jijiya ke kai saƙon ga sashen ji na ƙwaƙwalwa, a gefen kai.

A nan makaɗa suka yi zarra. A 2002, Peter Schneider da abokan aikinsa a Heidelberg ta Jamus sun gano cewa wannan sashe ya fi girma a ƙwararrun makaɗa. Wani bincike a Jami'ar Northwestern ta Amurka a 2007 ya nuna ƙwaƙwalwar makaɗa ta fi bin hawa da saukar muryar Sinanci daidai, alhali ba sa jin harshen.

Amma tantance sauti ba na makaɗi kaɗai ba ne. Da karin sauti Bahaushe ke bambanta wuyan riga da wuyar aiki idan an ce "wuya", kuma shi mai kalangu ke bi har gangarsa ta ambaci sunan mutum.