Finafinan Rikicin Aure na Zamanin Kaset

Finafinan rikicin aure su ne waɗanda aka riƙa shiryawa a Kano ana fitarwa a kaset ɗin bidiyo daga shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000. Labarinsu bai cika wuce gida guda ba: miji, uwargida, amarya, sai uwar miji da ke zuga daga gefe. Tafiyar hawainiya suke yi, kuma daga wannan jan ƙafar daɗinsu da aibinsu suka fito.

Harkar ta kankama ne da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni, ma'aikata suka taso daga Kano. Ke nan Dutse da wannan sana'a kusan tare suka girma. Daga kasuwar Ƙofar Wambai kaset ke fitowa, ya biyo ta Wudil da Kwanar Huguma, ya sauka a shagunan haya na Dutse. Matan aure, da ba sa zuwa silima, su ne manyan masu kallo. Sai a aiki yaro ya hayo kaset, maƙwabta su cika ɗaki, in an ɗauke wuta a zauna jira.

Labaran sun sha daga finafinan Indiya da kuma littattafan marubutan Kano. Babban misali shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, daga baya aka mai da shi fim. A cikinsa, Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta, Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe su, sai ga gobara ta cinye masa shago. Fim ɗin Wasila kuwa, na shekarar 2000, ya juya zancen: matar ce ta ci amanar mijin.

Mai kallon yau zai ƙosa. Baƙo ya yi sallama, a amsa, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a tambayi gajiya da yara ɗaya bayan ɗaya, kyamara na tsaye wuri guda. Amma a nan gwanintar take. Matar da ta san ciwon kishiya tana ganin yadda uwargida ke ajiye kwanon tuwo gaban miji ba ta ɗago kai ba, ta gane komai tun kafin a furta. Da wuya a sami wani fage a wancan zamani da ya ba wa baƙin cikin matar aure lokaci mai tsawo haka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai wani jinkirin na kasuwa ne kawai. Labarin da zai ƙare a kaset ɗaya sai a ja shi zuwa na biyu da na uku. Bayan fim ɗin Sangaya ya yi kasuwa, waƙa da rawa suka zama dole, ko labari ya nema ko bai nema ba. Aibin da ya fi damuna yana ƙarshen labaran: kishiya kullum muguwa ce mai bin boka, miji ba ya nadama sai arziki ya karye, matar da aka wulaƙanta kuma dangi su taru su ba ta haƙuri ta koma ɗakinta. Ba a cika tambayar ko tana so ba.

A 2001 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta fara aiki. Faifan CD ya kori kaset, satar fasaha ta durƙusar da 'yan kasuwa, shagunan haya suka yi ta rufewa. Tashar Arewa24, da aka buɗe a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, rikicin aure ya koma shiri mai dogon zango da ake bi mako-mako, a talabijin da YouTube.