Lissafin da ke ɓoye cikin talabijin ɗin Jos

Ranar 30 ga Afrilu, 2016, aka ƙaddamar da gwajin farko na shirin sauya watsa talabijin zuwa dijital a Najeriya, kuma Jos aka zaɓa. Garin dama ya saba shiga gaba, domin tashar Binuwai-Filato ce ta fara watsa hoto mai launi a ƙasar nan a 1975. Dikodar talabijin ɗin dijital kowa ya gani ya taɓa, amma lissafin da ke aiki a cikinta ya haura shekara ɗari biyu.

A 1807 Joseph Fourier ya gabatar wa masana a Faris bincikensa kan yadda zafi ke ratsa abu. Ya ce layi mai hawa da sauka, komai karkacewarsa, ana iya gina shi daga igiyoyi masu sauƙi na sain da kosain, kamar yadda magini ke tada gida da tubali. Sai dai tubalan nan ba su da iyaka. Lagrange, babban malami a lokacin, bai gamsu ba, littafin Fourier kan batun kuma bai fito ba sai 1822. Daga baya David Hilbert a Jamus da Stefan Banach a Foland suka kafa wa batun ginshiƙi: suka ɗauki kowane layi a matsayin ɗigo guda cikin wani sarari da fuskokinsa ba su ƙirguwa.

To, wa zai iya tara tubali mara iyaka? Babu. Dabarar ita ce a ɗauki manya-manyan, a bar ƙananan, a sami abin da ya yi kusa da na asali ƙwarai. Nan ne, a ganina, hikimar take. A 1974 Nasir Ahmed, haifaffen Indiya, da abokan aikinsa biyu suka wallafa hanyar yin haka da kosain zalla. Da wannan hanyar, tsarin adana hotuna na JPEG na yanka hoto ƙananan murabba'ai, ɗigo takwas sau takwas, ya bayyana kowanne da zane 64, sannan ya watsar da abin da ido ba ya kamawa. Bidiyon dijital ma wannan hanyar ya bi. Shi ya sa idan sigina ta yi rauni, mai kallo a Bukuru ko Unguwar Rogo yake ganin hoto ya tsage gida-gida.

Ɗaliban lissafi na Jami'ar Jos, ku riƙe wannan darasi na Fourier da kyau idan malami ya zo kansa. Yana cikin falon gidajenku.