Neman Ƙabilu Goma: Daga Buhara Zuwa Zangon Damagaram

A wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), rundunar Assuriya ta ci birnin Samariya, ta kwashe mutanen masarautar Isra'ila ta arewa, ta watsa su cikin garuruwan daularta. Littattafan Yahudawa sun ce ƙabilu goma ne daga cikin goma sha biyu na zuriyar Annabi Yaƙub. Daga nan labarinsu ya yanke. Masana tarihi na yau sun fi karkata ga cewa narkewa suka yi cikin mutanen da aka zaunar da su a tsakaninsu, ta hanyar auratayya da zaman tare, wasu kuma suka tsere kudu zuwa Ƙudus. Amma zuciyar mai imani ba ta yarda da irin wannan ɓata ba. Tun da littattafan sun yi alkawarin za a tattaro su a ƙarshen zamani, to lalle suna nan da rai a wani wuri, bayan wani kogi ko wani dutse. Wannan yaƙini ne ya sa mutane suka riƙa ɗaura kaya suna shiga duniya nemansu, ƙarni bayan ƙarni.

A ƙarni na 9 wani mutum mai suna Eldad ya bayyana a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, ya ce shi ɗan ƙabilar Dan ne, kuma danginsa suna da mulkinsu can bayan kogunan Kush. A ƙarni na 12 Binyamin mutumin Tudela ya tashi daga ƙasar Sifaniya ya kai har Bagadaza, yana rubuta labarin Yahudawan duk garin da ya sauka, yana haɗawa da jita-jitar ƙabilun da aka ce suna cikin duwatsun Farisa. Amma wanda ya fi kowa shan wuya a wannan hanya shi ne Joseph Wolff, ɗan wani malamin Yahudawa a Jamus, wanda aka haifa a 1795, ya shiga Kiristanci, ya zama mai wa'azi. Daga 1831 ya ratsa Farisa, ya shiga Buhara da Balkh da Kabul, ya gangara Indiya. A cewarsa, a Khurasan 'yan fashi sun kama shi, suka ɗaure shi a wutsiyar doki za su sayar da shi bawa, a gaba kuma wasu suka tuɓe shi, ya yi doguwar tafiya cikin sanyi ba sutura. A Buhara ya tarar da Yahudawa na gaske, masu Attaurarsu da wurin ibadarsu. A Afganistan ya ji cewa wasu Fashtunawa suna danganta kansu da Bani Isra'ila, alhali Musulmi ne tsantsa. Ƙabilun da ya fito nema dai bai gan su ba.

Neman bai tsaya ba. A jihohin Mizoram da Manipur na arewa maso gabashin Indiya, mutanen da 'yan mishan suka kai wa Kiristanci a ƙarshen ƙarni na 19 sun karanta Tsohon Alkawari, suka ga kamar al'adun kakanninsu ake faɗa. A 1951 wani daga cikinsu ya ce ya yi mafarki cewa asalinsu Isra'ila ne. Daga baya malamin Yahudawa Eliyahu Avichail, wanda ya kafa ƙungiyar Amishav a 1975 don wannan aiki, ya isa gare su, ya danganta su da ƙabilar Manassa. A 2005 babban malamin Yahudawan Isra'ila Shlomo Amar ya amince da danganen, kuma dubbai daga cikinsu sun ƙaura can bayan an sake shigar da su addinin.

Mu ma a wannan gefe na Sahara ba a bar mu ba. Sai dai a nan dole a rarrabe abu biyu: Yahudawan da tarihi ya tabbatar sun zauna a bakin hamada, da kuma waɗanda masu nema suka zo da su a cikin kansu.

Na farkon suna da shaida a rubuce. Taswirar da Abraham Cresques, Bayahuden tsibirin Mayorka, ya zana a 1375 ta nuna Mansa Musa zaune riƙe da zinariya, kuma ilimin hanyoyin da ke cikinta daga bakin fatake ya fito. A 1447 wani ɗan kasuwar Jenowa, Antonio Malfante, ya rubuto wasiƙa daga Tuwat, a hamadar Aljeriya ta yau, yana cewa Yahudawa da yawa suna zaune a can cikin rufin asiri, kowa ƙarƙashin kariyar wani mai gari, kuma ciniki yana bi ta hannunsu. Tuwat kuwa mahaɗa ce, daga nan ayari ke rabuwa, wani ya nufi Tambutu, wani Azbin da ƙasar Hausa.

A wannan wuri ne labarin ya haɗu da sunan da kowane ɗalibin ilimi a Kano da Katsina ya sani, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan. Shi yana ganin Yahudawan Tuwat sun karya sharuɗɗan zaman amana, don haka wurin ibadarsu na Tamantit bai cancanci tsayawa ba. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa. Aka aika tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, wasu suka goyi bayan wannan, wasu wancan, kuma malami Wansharisi ya adana fatawoyin a cikin littafinsa Mi'iyar. A wajen 1492 aka rushe wurin, aka kashe mutane, sauran suka watse. Almagili ya biyo ta Azbin ya sauka Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa nasihar mulki, sannan ya wuce Gao wurin Askiya Muhammadu. Yana can labari ya iske shi an kashe ɗansa a Tuwat. Daga wannan lokaci Yahudawa suka rasa izinin shiga daular Songhai. Girman Almagili a tarihin iliminmu ba abin musu ba ne, amma adalci ne mu tuna cewa a kan wannan hukunci malamai 'yan'uwansa sun yi masa gardama tun yana raye, kuma rayuka sun salwanta.

Bayan haka sai ɗan abin da ba a rasa ba. Littafin Tarihul Fattash ya ce lokacin da aka gina garin Tindirma a ƙarshen ƙarni na 15, an tarar da rijiyoyi da kaburburan wasu Bani Isra'ila da suka taɓa zama a wurin suna noman lambu. A wajen 1860 Mordekai Abi Serur, malamin Yahudawa daga Akka ta Maroko, ya samu ya zauna a Tambutu yana ciniki, ya janyo danginsa har suka cika maza goman da ibadarsu ta jam'i ke bukata. Zaman bai daɗe ba. Shi ne ya ba Turawa labarin Daggatun, wasu mutane da ya ce suna zaune cikin Buzaye suna tuna asalinsu na Yahudanci.

Wannan labari ya faɗo daidai lokacin da Turawa ke shirin raba Afirka, kuma ya yi musu daɗi. Duk inda suka ga sarauta mai tsari, ko ƙira mai kyau, ko fuska mai dogon hanci, sai su ce daga waje aka kawo. Maurice Delafosse ya rubuta a 1912 cewa Fulani zuriyar wasu Yahudawan Sham ne. Wasu suka ce maƙeran Azbin, masu ƙera azurfa a Agadas, ragowar Yahudawan Tuwat ne, suna kafa hujja da yadda maƙeran ke girmama Annabi Dauda, alhali duk Musulmin da ya karanta Suratu Saba ya san dangantakar Annabi Dauda da ƙarfe. Game da Fulani kuwa, bincike ya nuna Fulatanci ɗan'uwan Serer ne da Wolof na Senegal. Abin da ke ci mini rai a waɗannan rubuce-rubuce shi ne ƙwace wa mutum aikin hannunsa a miƙa wa baƙo, ko da baƙon ba a taɓa ganin sawunsa ba.

Gaskiya ne mu ma muna son jingina da gabas. Daura tana da Bayajida daga Bagadaza, Sefawan Barno suna kai kansu ga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman. Damagaram kuwa ta tashi ne a ƙarni na 18 ƙarƙashin inuwar Barno, tana kai gaisuwa can, don haka labaran Barno nata ne. Ɗaya daga cikinsu shi ne na Mune, wani abu naɗaɗɗe a rufe da sarakunan Kanem ke tafiya da shi yaƙi, ba wanda ya san abin da ke ciki, har Mai Dunama Dibalemi ya buɗe shi a ƙarni na 13. Liman Ahmad ɗan Furtu, marubucin Mai Idris Alauma, ya kwatanta shi da akwatin natsuwa na zamanin Ɗalutu da ke cikin Suratul Baƙara, ya ce buɗe shi ne ya jawo fitina. Bajamushe Dierk Lange ya ɗora a kan irin waɗannan, ya ce 'yan gudun hijirar Assuriya ne suka kafa Kanem, har labarin Bayajida ma yana da tushen Isra'ila. Yawancin masana ba su bi shi ba. Liman ɗan Furtu malami ne mai karatun Alƙur'ani, da ya ga abu mai alfarma sai ya auna shi da ma'aunin da ya sani.

Alaƙar da za a iya kamawa da hannu tsakanin Damagaram da Yahudawa ta kasuwa ce. James Richardson ya sauka Zinder, babban birnin Damagaram, a Janairu 1851, Heinrich Barth a ƙarshen 1852, dukansu ta dalilin hanyar Tarabulus. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, garin ya bunƙasa, aka ja ganuwa, aka ƙera igwa a gida, unguwar Zango ta cika da Abzinawa da fataken Gat da Gadamas. Suna sauke yadi da takarda da sukari da duwatsun ado, suna ɗaukar ƙiraga da hauren giwa da gashin jimina. Maharbi daga Damargu ya kawo fatar namijin jimina da gashinta a jiki, fari a fuffuke, baƙi a gadon baya, dillali ya duba, a yi ciniki, a naɗe cikin fata, a ɗaure a kan raƙumi, a yi watanni ana tafiya. A Tarabulus gidajen kasuwancin Yahudawa, irin su Arbib da Nahum, suna cikin manyan masu ba madugai kaya bashi. A rumbunansu ake kwance gashin, a ware shi daraja daraja, a aika Paris da Landan inda matan Turawa ke ƙawata huluna da shi. Attajirin Tarabulus bai taɓa ganin Zango ba, maharbin Damargu bai taɓa jin sunansa ba, amma abincin kowannensu yana rataye da amanar ɗayan ta hannun madugu.

Kyawun wannan gashi ya kai har gwamnatin Afirka ta Kudu, inda Yahudawan Lituweniya suka yi kaka-gida a cinikin gashin jimina a garin Oudtshoorn, ta turo tawaga a 1911 ƙarƙashin Russell Thornton don gano inda tsuntsun yake. Sawun ya kawo su Kano da yankin Zinder, suka koma a 1912 da jiminu fiye da 100. Amma a lokacin Faransa ta riga ta ci Damagaram tun 1899, Italiya ta kama Tarabulus a 1911, jirgin ƙasa ya iso Kano ya juya fuskar kaya zuwa teku. A 1914 kasuwar gashin jimina ta faɗi a duniya baki ɗaya. Yahudawan Tarabulus ɗin su ma mafi yawansu sun bar Libiya tsakanin 1948 da 1951, ragowar kuma bayan yaƙin 1967.