Malami Tsakanin Kamfani da Hukuma: Nazarin Tarihin Albert Wheelon (1929–2013)

Tsakure

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin sawun Albert Wheelon, masanin fiziks ɗan Amurka, domin a nuna cewa ƙarancin masu sani ne ya fara ƙulla zumunci tsakanin masana'antun makamai da hukuma a zamanin yaƙin cacar baka, tun kafin kwaɗayin dukiya ya shigo ciki.

Asali da Karatu

An haife shi a 1929, ya yi karatu a Stanford, ya sami digirin dakta a MIT a 1952, sa'an nan a 1953 ya shiga kamfanin Ramo-Wooldridge, inda ya ƙware a sha'anin makamai masu linzami.

Hidimar Hukuma

Da yake hukumar leƙen asiri ta CIA tana bukatar wanda zai fassara mata alamomin da ake tsinta daga gwaje-gwajen makaman Tarayyar Sobiyet, kuma masu wannan fanni a lokacin ba su taka kara sun karya ba, sai ta jawo shi a 1962, ta kuma ɗora masa ragamar sashen kimiyya da fasaha a 1963. Ya tarar da shirin Corona, wanda tauraronsa kan ɗauki hoto daga samaniya, ya jefo fim ɗin cikin wani ƙoƙo mai lema, jirgin sama ya cafke shi a iska bisa tekun Fasifik. Hikima ce mai ban al'ajabi, amma hotunan ba su wadatar ba, saboda haka ya dage a kan sabon shirin da ya zama Hexagon, duk da jayayya mai zafi da rundunar sojan sama.

Sai dai hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta shirin tauraron leƙen asiri na Rhyolite. Labarin Syncom, tauraron sadarwa na kamfanin Hughes, shi ya sa Wheelon ya yi ƙiyasi cewa tauraron da ke tsaye daura da wuri ɗaya, a nisan kimanin kilomita 36,000, zai iya sauraron siginar makaman abokan gaba dare da rana. Kwangilar ƙera shi ta faɗa hannun TRW, wato magajin tsohon kamfaninsa; Wheelon kuwa, da ya ajiye aikin CIA a 1966, Hughes ya nufa, ya raini sashen taurarinsa har ya zama shugaban kamfanin a 1987.

Tattaunawa

Mai saurin hukunci zai ce ai wannan ita ce haɗakar soja da masana'antu da Shugaba Eisenhower ya yi gargaɗi a kanta a Janairun 1961, kuma lalle akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma adalci ya wajabta a tambaya: wa hukuma za ta ɗauka in ba wanda ya san sirrin sana'ar ba, kuma ina za a same shi in ba a kamfanonin ba? Ko bayan hatsarin kumbon Challenger a 1986, shi ɗin dai aka kira cikin kwamitin bincike, alhali yana babban jami'in Hughes. A ra'ayinmu, illar tana ga tsarin da ya bar mai saye da mai sayarwa suna ɗiba daga rijiya guda, ba ga mutumin ba.