Babban Buda na Hong Kong da ya juya fuska arewa

Yau tarihi ya kai mu tsibirin Lantau na Hong Kong. 'Yan kasuwarmu da suka taɓa sauka filin jirgin Hong Kong a hanyar Guwanzu, to bisa tsaunukan da ke bayan filin nan yake zaune.

Mutum-mutumin Buda ne na tagulla, ana ce mishi Tian Tan. Tsayinshi metir 34 har da mazauninshi, nauyinshi kamar tan 250. Matakala 268 ake takawa kafin a isko shi, mai ciwon gwiwa dai sai ya sake shawara. Yana zaune bisa furen bado, hannun dama a ɗage alamar kawar da wahala, na hagu a buɗe bisa cinya alamar kyauta.

Masu gidan ibadar Po Lin suka sa a yi shi. Gidan kuwa asalinshi bukka ce da wasu masu ibada uku daga lardin Jiangsu suka kafa a 1906. An buɗe mutum-mutumin ran 29 ga Disamba 1993.

Ga inda labarin ya yi daɗi. Ba dunƙule guda aka zuba shi ba, guntu 202 ne aka ƙera a birnin Nanjing, aka kawo aka harhaɗa bisa ƙashin ƙarfe. Wa ya ƙera? Masana'antar gwamnatin Sin mai aikin kayan sararin samaniya. Gwamnatin kwaminis fa, wadda a ƙarƙashinta aka farfasa gidajen ibada tsakanin 1966 da 1976.

Sannan akasarin manyan Buda na ƙasar Sin kudu suke kallo. Wannan arewa ya fuskanta, wajen Bejin. Dandamalin da yake kai ma an kwaikwayo shi daga Tian Tan na Bejin, inda sarakunan da ke yi ma sama hadaya, can ya samo suna. Lokacin kuwa Hong Kong na hannun Ingila, amma tun 1984 an sa hannu za a maido ta a 1997. Mu dai a ganinmu wannan juyin fuska ba banza ba, harda siyasa ciki.

Da can sai an sha hanyar tsauni cikin mota. Tun 2006 akwai keken igiya mai tafiya a sama, kilometir 5,7 daga Tung Chung, yana sauke mutane tsakiyar shagunan tsaraba.